Yadda ƙaramin ɗan kasuwa zai tsare cinikinsa daga aikin bauta da safarar mutane

A watan Yunin 2020, ana cikin kullen korona, 'yan sanda suka shiga wani kamfanin casar shinkafa a unguwar masana'antu ta Challawa a Kano, suka fito da ma'aikata fiye da ɗari waɗanda suka yi kusan wata uku ba a bar su sun taka ƙofar waje ba. Ma'aikatan sun shaida wa 'yan jarida cewa an yi musu alkawarin ɗan ƙari a kan albashi idan sun zauna, wanda kuma ya matsa sai ya je ya ga iyalinsa, to, a bakin aikinsa. Shinkafa dai ba don a ajiye ta ake casa ta ba. Dila ya yi lodi, mai shago ya sara, mai abinci ta dafa ta sayar. Cikinsu babu wanda ya sa wa kowa kwaɗo, amma kuɗin kowannensu ya bi ta wannan ƙofar.

Shi ya sa maganar bautar zamani ta shafi mai gidan bulo, da mai gidan burodi, da Hajiya mai kwangilar ɗinkin yunifom, da mai tara riɗi a Dawanau. Ƙididdigar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2022 tare da abokan aikinta ta nuna mutum kusan miliyan 28 ne ke aikin tilas a duniya, fiye da miliyan 3 daga cikinsu yara ne, kuma kashi 86 cikin ɗari a hannun masu zaman kansu suke, ba gwamnatoci ba. Ba sai ka ga mari a ƙafa ba. Yau da bashi ake ɗaure mutum, da riƙe masa albashi, da karɓe masa waya da katin shaida, da kai shi garin da bai san kowa ba alhali ba shi da kuɗin motar komawa.

Tambaya biyu ce za ta raka ka a duk matakan da ke tafe. Kuɗin aikin nan, hannun wa yake shiga? Kuma mai aikin, in ya ce ya gaji, zai iya ɗaukar jakarsa ya tafi lafiya ba tare da wani abu ya same shi ba? Duk inda amsar ɗayansu ta zo a murɗe, akwai abin dubawa.

Doka ma ba ta bar ka a baya ba. Sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya haramta bautarwa da aikin tilas. Dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba ga wanda ya sa mutum aikin tilas, har da wanda ya bari aka yi amfani da wurinsa don haka. A Nijar kuwa, tun 2003 bautar da mutum laifi ne mai ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Ga Musulmi akwai abin da ya fi wannan nauyi: hadisin ƙudsi da Bukhari ya ruwaito ya ambaci mutum uku da Allah da kansa zai yi jayayya da su ranar ƙiyama, biyu daga ciki su ne wanda ya sayar da mutum mai 'yanci ya ci kuɗinsa, da wanda ya ɗauki ma'aikaci ya gama masa aiki bai biya shi ladansa ba.

Mataki na 1: fara da mutanen da ke ƙarƙashinka

Ba ka da bakin tambayar mai kawo maka kaya alhali yaron shagonka shekara bakwai bai san ranar sallamarsa ba. Zauna da takarda ka rubuta sunan duk wanda ke yi maka aiki: yaran shago, mai gadi, direba, 'yan wanke-wanke idan gidan abinci ne, masu kwana a gidan burodi, har da almajirin da ke share maka ƙofar shago. A gaban kowane suna ka rubuta shekarunsa, wa ya kawo shi, nawa ake biyansa, da kuma wanda ke karɓar kuɗin.

Layin nan na ƙarshe shi ne mai tona asiri. Sau da yawa 'yar aiki ko yarinyar da ke wanke kwanuka wata mata ce ta kawo ta daga ƙauye, kuma duk ƙarshen wata matar ce ke zuwa ta karɓi kuɗin, ta ce za ta kai wa iyaye ko tana tara mata na kayan ɗaki. Wataƙila gaskiya ce, wataƙila yarinyar ɗaya ce daga cikin goma da matar ke ci da guminsu. Nemi lambar iyayen ka yi magana da su da bakinka. In yarinyar ba ta kai shekara 12 ba, babu sauran lissafi: dokar 2015 ta mai da ɗaukar irinta aikin gida laifi, a mayar da ita hannun iyayenta ta hanyar da za ta isa lafiya. Baligi kuwa a sa masa kuɗinsa a hannunsa ko a asusun da ke ɗauke da sunansa, shi ya ga alat a wayarsa.

Tsarin yaron shago, wanda zai yi shekaru yana koyon kasuwa a sallame shi da jari, tsari ne mai albarka, kuma da yawa daga manyan 'yan kasuwar Kwari da Singa a Kano ta nan suka biyo. Yana lalacewa ne idan babu wa'adi. Yaro ya yi ta bauta, da lokacin sallama ya matso sai a ce an ga giɓi a lissafi, a kore shi hannu rabbana. Maganinsa takarda ɗaya ce: shekara nawa zai yi, me za a ba shi a ƙarshe, nawa ne kuɗin kashewarsa a mako, me zai samu idan aka rabu kafin wa'adi. Mahaifinsa ko waliyyinsa ya sa hannu, shugaban layinku ya shaida. Dokar Ƙwadago ta Najeriya dama ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da farawa.

Mataki na 2: bi sawun kayanka

Sayi littafi guda, ka ware shi don wannan aikin kawai. Kowane kaya da kake saye ya samu shafinsa. A saman shafi ka rubuta wanda kake saye a hannunsa, a ƙasa wanda shi kuma yake saye a wurinsa, haka har ka kai inda hannun ɗan adam ya fara taɓa kayan.

Mai gidan bulo zai rubuta siminti, yashi, tsakuwa, ruwa, da masu buga bulon. Direban tifa ne ke kawo yashi, to wa ke haƙo shi ya loda? Mai gidan burodi zai rubuta fulawa, sukari, itace, leda, da masu rarrabawa a babur. Wa ke saro itacen, a wane daji? Mai riɗi ko zoɓo zai ga hanyarsa ta fi tsawo: manomi, mai tarawa a kasuwar ƙauye, dillali, sito, mata masu sheƙa da tsinta, 'yan dako masu lodin tirela. Kada ka manta da aikin da ba kaya ba ne, irin su gadi da shara da sauke kaya, musamman idan wani kamfani ko wani shugaban leburori ne ke turo maka mutanen.

Za ka kai wurin da za ka ce ban sani ba. Rubuta hakan, ka ja masa layi. Shi ne aikin da ke gabanka.

Mataki na 3: ware inda haɗarin ya fi yawa

Ba ka da lokacin bin kowane shafi, kuma ba dole ba ne. Simintin da ya fito daga babban kamfani ko fulawar babbar masana'anta ba nan ƙarfinka zai yi tasiri ba. Zaɓi shafi uku da suka fi haɗa waɗannan alamomin: aikin ƙarfi ne da ba ya buƙatar koyo, na wani lokaci ne kamar kaka ko gab da salla, 'yan ci-rani ne ke yinsa, wurin aikin yana nesa da gari, ma'aikata a nan suke kwana, kuma akwai wani a tsakani da ke karɓar kuɗi a madadinsu.

Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka tana fitar da jerin kayayyakin da ake samun aikin yara ko aikin tilas wajen samar da su. A Najeriya ta ambaci koko, dutsen gini, tsakuwa, yashi, zinare da rogo. A Nijar, daga cikin abin da ta ambata akwai zinare, gishiri, kanwa da kiwon shanu. Maganar tsakuwa ba sabuwa ba ce: a 2003 an kwaso yara 'yan Jamhuriyar Benin masu yawa daga ramukan fasa dutse a kewayen Abeokuta aka mayar da su ƙasarsu. Kasancewar kayanka a cikin jerin ba ya nufin mai kawo maka azzalumi ne. Yana nufin shafinsa ne za ka fara buɗewa.

Mataki na 4: duba farashinka da wa'adin da kake bayarwa

Nan ne da yawanmu ba ma son a taɓa, domin wani lokaci mai saye ne ke haifar da zaluncin da hannunsa. Ka matse ɗan kwangila ya sauko ƙasa da abin da aikin zai ci, shi kuma ba zai yi asara ba, sai ya fanshe a kan wanda ya fi shi rauni.

Yi lissafi mai sauƙi. A ce ka ba tela kwangilar riguna 500 na makaranta, ka ce kwana huɗu kake so. Yana da keke biyar, kowane tela yana iya ɗinka shida a wuni. Talatin ke nan a rana, 120 a kwana huɗu. Sauran 380 daga ina za su fito? Ko dai a kwana ana ɗinki ba barci, ko a rarraba wa wasu shaguna da ba ka san su ba, ko a tara yara masu koyo a sa su aikin da ba za a biya su ba. In ya ce maka "Alhaji, ba damuwa, za a yi," tambaye shi ta yaya.

Haka za ka yi wa farashi. Cire kuɗin kayan aiki da na mota da ribar mai kwangila, ka ga abin da ya rage wa lebura a wuni. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 naira 70,000 ne a wata, wato kusan naira 2,700 a rana idan an yi kwana 26 ana aiki. Gaskiya ne dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, amma ma'auni ne mai kyau. Idan lissafinka ya nuna mai fasa dutse ko mai tsintar riɗi ba zai tashi da ko rabin wannan ba bayan ya wuni, arhar da kake murna da ita daga cikin wani aka cire ta.

Sannan ka biya a kan lokaci. Duk wanda ya riƙe kuɗin ɗan kwangila wata biyu, leburorin ɗan kwangilar ya riƙe wa. Kuma lebura da ake riƙe da kuɗinsa ba ya iya tafiya, don ya san in ya tafi shi ke nan.

Mataki na 5: je ka gani da idonka

Gani ya kori ji. Babban kamfani a Landan yana biyan masu bincike maƙudan kuɗi don ya san abin da kai za ka iya sani da kuɗin man babur. Wannan ita ce fa'idar ƙaramin ɗan kasuwa, kada ka yi wasa da ita.

Zuwan farko ka sanar, ka je a matsayin abokin ciniki mai son ganin inda kayansa ke fitowa. Na biyu kada ka sanar, kuma ka zaɓi lokacin da ba a tsammani: da sassafe, ko bayan isha'i a lokacin da aiki ya yi yawa, ko ranar da aka ce ana biyan kuɗi. In mata ne ke aikin, tafi da mace, matarka ko ƙanwarka ko wata ma'aikaciyarka, domin ba za su saki jiki da kai ba. In ma'aikatan Zabarmawa ne ko Buzaye ko mutanen Kwatano, nemi mai jin harshensu wanda ba yaron mai wurin ba ne.

Kafin ka buɗe baki, bar idonka ya yi aiki. Ƙofa ta ciki ake kulle ta ko ta waje? Mai gadi ɓarayi yake tsaro ko ma'aikata? Ina suke kwana, mutum nawa a ɗaki, akwai ruwan sha da makewayi? Akwai masu rauni da ba a kula da su ba? Wayoyi suna hannun masu su? Yara nawa ne a wurin a lokacin da ya kamata a ce suna makaranta, kuma wane irin aiki suke yi? In ka yi wa lebura magana wani ya yi caraf ya amsa a madadinsa, riƙe wannan a ranka.

Wajen tambaya kuma, kada ka ce wa mutum "ana zaluntarka?" Ba wanda zai ce e a gaban abincinsa. Yi hira irin ta mutane, nesa da kunnen mai wurin, misali lokacin da aka fito salla ko ana cin abinci. "Sannu da aiki, ɗan'uwa. Mutumin ina ne? Yaushe rabonka da gida? Wa ya kawo ka nan, shi ya biya maka kuɗin mota? An gama biyansa ko ana cirewa? Ranar yaushe ake ba ku kuɗi, a hannu ko ana ajiye muku? Da salla kun je gida? In mutum ya samu wani aikin, yaya ake yi ya tafi?" Ga dattijo ka ce Baba, ga mace ka ce Iya ko Yaya gwargwadon shekarunta, kuma kada ka fito da littafi a gabansu. Ka rubuta bayan ka bar wurin.

Amsoshin da za su sa ka tsaya sanannu ne. "Oga ne ke ajiye mana sai ƙarshen shekara." "Ban san nawa ya rage a kaina ba." "Katina yana wurin wanda ya kawo mu." "Ba a fita sai da izini." "An ce min aikin shago ne, da na zo na tarar da wannan." Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tara alamomi 11 na aikin tilas, kuma waɗannan na cikinsu: riƙe albashi, ɗaurin bashi, karɓe takardu, hana fita, yaudara, tare da duka da barazana da raba mutum da jama'a da aikin da ya wuce ƙima. Alama ɗaya tana iya zama sakaci. Uku a wuri guda ba sakaci ba ne.

Game da yara, a yi adalci. Yaron da ke taya mahaifinsa a gona ranar da babu makaranta, ko yake koyon ɗinki da yamma a shagon kawunsa, ba shi ake nufi ba. Ana maganar yaron da aka raba da gida, aka hana shi karatu, aka ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, ko aka tura shi rami ko gaban inji, wani kuma na karɓar kuɗin. Dokar Ƙwadago ta hana sa wanda bai kai shekara 16 ba aiki a ƙarƙashin ƙasa ko a kan inji. Duk wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010, ɗaruruwa, ya san wuraren nan ba na yara ba ne ko da ba su ke haƙar ba.

Mataki na 6: dillalan ma'aikata da maganar bashi

Safarar mutane galibi ta hannun ejan take shigowa. Ya je ƙauye ko ya tsallaka iyaka, ya yi wa matasa alkawari, ya biya musu mota, ya ba iyaye ɗan kafin alƙalami, sannan ya kawo su ya ce sai sun biya. Abinci a kansu, wurin kwana a kansu, magani a kansu, duk a farashin da shi ya yanka. Bashin kullum ƙaruwa yake yi.

Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce mai neman ma'aikaci shi ke biyan la'ada, ba ma'aikacin ba. In kana buƙatar leburori ashirin lokacin kaka, biya dillali kamashonsa daban, ka karɓi rasit, sannan kowane lebura ya karɓi kuɗinsa daga hannunka ko a gaban idonka, ya sa hannu ko ya dangwala. Dillali zai ce wannan raini ne. Ka ce masa, "Malam, ba rashin yarda ba ne, haka nake yi da kowa, kuma haƙƙinka ga shi cif." Wanda ke neman halaliyarsa zai karɓa. Wanda ya ƙi, ka san daga ina ribarsa take fitowa.

Ba da bashi ga ma'aikaci taimako ne idan an yi shi da tsari. Dokar Ƙwadago ta ce kada abin da za a ba shi tun kafin aiki ya wuce albashin wata ɗaya, kuma ba a ɗora masa ruwa. A rubuta adadin, a rubuta abin da ake cirewa, shi ma ya riƙe kwafinsa. Kada a karɓi katin ɗan ƙasa ko fasfo ko waya jingina. In mutum yana son tafiya da sauran bashi a kansa, a yi yarjejeniyar biya a gaban shaidu kamar kowane bashi, ba a tsare shi ba.

Mataki na 7: yi yarjejeniya da masu kawo maka kaya

Ba ka buƙatar lauya. Rabin shafi ya isa, da Hausa, da boko ko ajami, ga misali: "Ni mai kawo wa wane kaya, na yarda ba zan sa kowa aiki bisa tilas ba. Kowane ma'aikaci zai karɓi kuɗinsa a hannunsa, ba za a wuce wata ba a biya shi ba. Ba zan riƙe katin kowa ko wayarsa ba. Ba zan sa yara aiki mai haɗari ko aikin dare ba. Ba zan miƙa aikin ga wani ba sai da saninsa. Na yarda ya zo ya duba duk lokacin da ya so." Kai ma ka rubuta naka alkawarin a ƙasa: za ka biya cikin kwana kaza, ba za ka sauya wa'adi dare ɗaya ba. Wanda ba ya karatu a karanta masa, a kuma tura masa saƙon murya ta WhatsApp ya ajiye.

Yadda ka gabatar da maganar shi ne rabin nasara. Kada ka je kamar mai tuhuma. "Alhaji, shekara da shekaru muna tare, ban taɓa ganin abin ƙi a wurinka ba. So nake mu tsare kanmu, ni da kai, kada wani yaron kwangila ya jawo mana abin da ba mu ji ba ba mu gani ba." In kai kaɗai ba ka da nauyin da za a saurare ka, kai maganar ƙungiyarku. Masu gidan bulo goma da suka ce ba za su sayi tsakuwar da yara suka fasa ba sun fi ƙarfin a yi watsi da su.

Sannan ka buɗe wa ma'aikata hanyar kai kuka. Lambar waya guda, a rubuce a bangon sito ko a faɗa musu da baki, wadda ba ta shugaban leburori ba ce. Mai faɗa maka gaskiya kada sunansa ya fita daga bakinka.

Mataki na 8: idan ka gano matsala

Abin da zai fara zuwa maka shi ne ka yanke ciniki ka wanke hannunka. Dakata. Kai ka tsira, su kuma suna nan inda ka bar su, wataƙila ma a kore su ba a biya su ba. Raba matsalar gida biyu.

Akwai wadda gyara take buƙata: albashi na makara, ana wuce lokacin tashi ba a ƙara komai, wurin kwana ba kyau, babu rubutu a kan bashi. Zauna da mai wurin ku biyu, faɗa masa abin da ka gani ba tare da ka nuna wanda ya faɗa maka ba, ku sa rana. Bashin albashi a biya cikin mako biyu, katunan mutane a mayar yau. Koma ka duba. In ya gyara, ci gaba da ciniki da shi, ka ma ƙara masa. In ya yi maka alkawari sau biyu bai cika ba, sai ka janye, ka kuma faɗa masa dalili. Inda ka tarar da yaro yana aikin da bai dace ba, kada a kore shi kawai, don gobe zai faɗa wanda ya fi shi muni. A nemi iyayensa, a biya shi abin da ya yi, a ga yadda zai koma karatu, in akwai babba a gidansu mai neman aiki a ba shi gurbin.

Akwai kuma wadda laifi ce tsagwaronta: an kulle mutane, ana dukansu, an kawo yara daga wata ƙasa ko wata jiha ba tare da iyaye ba, ana lalata da 'yan mata, ana yi wa mutum barazana da iyalinsa. Nan ba wurin sulhu ba ne, kuma kada ka tunkari mai wurin, domin kafin gari ya waye zai kwashe su zuwa inda ba za a gan su ba. Kada ka ɗauki bidiyo ka watsa a Facebook ko TikTok: ka tona asirin waɗanda aka zalunta, ka kuma faɗakar da mai laifi. Fita lafiya, rubuta wuri da rana da adadin mutanen da ka gani da lambar mota idan akwai, ka kira NAPTIP a lambarsu ta 627 ko ka je ofishinsu. Suna da ofisoshin shiyya a Kano da Sakkwato da Maiduguri. In rai na cikin haɗari a lokacin, 'yan sanda mafi kusa. A Nijar akwai hukumar ƙasa mai yaƙi da safarar mutane, akwai kuma ƙungiyar Timidria da ta daɗe tana aiki a kan bauta. Baligin da ya buɗe maka cikinsa, gaya masa abin da kake shirin yi, ka ji tsoronsa, don shi ya san wanda zai iya cutar da shi.

Mataki na 9: ajiye shaida, ka riƙa komawa

Duk abin da ka yi ya shiga littafin nan: ranar ziyara, abin da ka gani, abin da aka gyara, kwafin yarjejeniya, takardar biyan leburori. Wannan zai kare ka in magana ta taso, kuma yana da amfani a kasuwa. Dokar Birtaniya ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin da cinikinsu ya kai fam miliyan 36 a shekara su riƙa bayyana matakan da suke ɗauka a kan bautar zamani, Tarayyar Turai kuma ta zartar da doka a 2024 da za ta hana shigar duk kayan da aka samar da aikin tilas daga Disambar 2027. Mai sayen riɗi ko citta ko ƙaro ko fata a can zai tambayi mai fitarwa a Legas, shi kuma ya tambayi dila a Kano, dila ya juyo kanka. Wanda ke da littafi zai amsa a zaune.

Sa wa kanka lokutan komawa daidai da lokacin da aiki ke tsananta a sana'arka: mai amfanin gona da kaka, tela a goman ƙarshe na azumi da makon komawa makaranta, mai bulo da rani lokacin da gini ya kankama, mai burodi a kowane dare da oda ta yi yawa. Duk sabon mai kawo kaya kuma a buɗe masa shafi kafin a ba shi oda ta biyu, kuma duk lokacin da tsohon abokin ciniki ya sauya dillalin leburori ko ya sauke farashi ba tare da dalilin da ka gane ba, a sake ziyara a makon.